Zabirar Tsoho

Kurfi. Lahadi da hantsi, farkon Jimada Lawwal, 1378

Bismillahi. Takardun nan tun ina makarantar allo na ɓoye su, wai wata rana in rubuta layu in sayar wa wawaye. Ga shi yau su nake yi wa surutu, don tun ranar da ɓarin jikin Tsoho ya shanye babu wanda zan tsokana a gidan nan ya rama.

Tsoho shi ne kakana, Wanzam Ilu. Ubana ya rasu ina goye, a hannunshi na tashi, shi da matata Zinariya, wato kakata, wadda muke takara a kanta tun ban san wando ba. Ɗazu na leƙa ɗakinshi na ce, “Kai Tsoho, har yanzu kana kwance? To ni na tafi da matar.” Da can sanda ce za ta biyo ni. Yau ido kawai. Bakin nan ya motsa ta gefe ɗaya, Zinariya ta goge mashi da bakin zane, ta ce, “Wai ya ce kai ɗan banza ne.” Ban sani ba ko ya faɗa, ko ita ta ƙaga don in ji daɗi.

Sai ta sauko mani da zabirarshi daga inda take rataye, da asake da ƙahoni duk a ciki. Ta ce, “Ɗanjuma, gidajenmu suna jira.”

Gidajenmu su ne waɗanda muke yi wa aski tun kakan Tsoho. Askinsu, ƙahonsu, kaciyar yaransu, askin sunansu, duk namu ne, kuma da su tukunyar gidan nan take hawa wuta. In suka kama wani wanzami ba su dawowa. Dole in riƙe su.

Aiki dai na iya. Tsoho ya sani, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Litinin, bayan azahar

Na zaga.

Malam Mahmuda liman ya ce shekaranjiya aka yi mashi aski. Ina kallon furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin rawani kamar tana neman ceto. Gida na gaba aka ce maigida ba shi nan, ga takalmanshi a ƙofar zaure, ga tarinshi yana fitowa daga ciki. Na ce wa yaran su gaida mani tarin in ya dawo. Kowa ya tambayi jikin Tsoho, kowa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, babu wanda ya cire hula.

Wani tsoho a bakin masallaci ne ya fito fili. Ya ce, “Kai ne na Audi, ko? A'a ɗana, kaina ɗaya ne, kuma duka nake son a aske shi.”

To, zancen Audi. Audi taubashina ne, ɗan Gwaggo Fatu, ni da shi wasa halal ne. Ranar jajiberin babbar sallah na aske mashi rabin kai tas, na ce bari in ɗauko sabulu, na haura katanga. Duk wanzaman garin sun cika da mutane, bai sami mai ƙarasa mashi ba. Ya tafi idi da hula har kunne, ana sujada ta faɗi. Kurfi ta yi wata tana dariya. Tsoho kanshi sai da aka ba shi ruwa. A lokacin babu wanda ya ce na yi laifi, har goro aka ba ni.

Da na dawo gida Tsoho ya kafe ni da ido. Sai na zauna na kwaikwayi yadda liman ya riƙa karanta addu'a a ƙarƙashin askata, yana rawar murya. Ƙirjin Tsoho ya riƙa girgiza. Dariyarshi ke nan yanzu.

Laraba, da la'asar

Ko kai ɗaya.

Alhamis, bayan la'asar

Ashe mai rabin kai ya fi duk masu cikakken kai kirki. Audi ya kai ni rumfar awon gyaɗa inda yake dako, ya ce wa mai sikeli, “Ga jakina, a gwada shi, ba ya cizo sai da baki.” Aka ɗora mani buhu. Wallahi na zaci an ɗora mani garin Birchi da mutanenta.

Zabira na cusa ta bayan buhuna. 'Yan dako suka gani. Duk wanda ya wuce sai ya ce, “Wanzam, ga buhu ya tara gemu.” Ni ma na ba su amsa daidai da su, har mai sikeli ya ce in rufe baki ina ɓata mashi lissafi.

Kafin in shiga gida na tsaya bakin rijiya na wanke jikina, na goga sabulun aski a hannuwa don ƙamshin ya kama. Na sayo dawa da ɗan gishiri. Zinariya ta karɓa, ta ciro wani ɓawon gyaɗa daga wuyan rigata, ta jefa a murhu.

Yau na ba Tsoho labarin yadda na yi wa wani Bafillace ƙaho ya suma. Ya ji daɗin wannan ƙwarai. Kafaɗata kamar ba tawa ba.

Juma'a, bayan an sauko

Na je wurin Alhaji Sa'idu mai hatsi. Gidanshi ne babba a cikin gidajenmu, inda ya sa ƙafa nan sauran suke sawa. Amaryarshi cikinta ya tsufa, yau ko gobe. In ni na yi askin sunan nan, kowa zai cire mani hula. In wani ya yi, shi ke nan.

Na durƙusa sosai, na ƙi yarda ko murmushi ya kuɓuce mani. Zauren cike da masu cin shinkafar Juma'a.

Ya ce, “A'a, Ɗanjuma ne yau da ladabi? Lafiya kuwa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, zancen aikin gidan nan ne. Tsoho ya ba ni zabira.”

Ya ce, “Allah ya ba Wanzam lafiya. Shi ya aske ni ran sunana, shi ya aske 'ya'yana duka.” Ya juya carbi. “Amma ka san kan jariri ba kan Audi ba ne.”

Zaure ya fashe. Wani har da ƙwarewa. Ni ma na yi dariya, don bakina bai san wani abin ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, a gwada ni a kan duk wanda ke nan.” Sai kowa ya dafe hularshi, aka sake fashewa. Sun ɗauka wasan ne ya ci gaba.

Alhaji ya ce in je, zai yi tunani. Ya sa aka zuba mani shinkafa a ƙwarya in kai wa mara lafiya.

Ban taɓa sanin ana iya faɗin gaskiya da duk ƙarfin mutum a ji ta kamar barkwanci ba.

Dutsin-Ma. Litinin da yamma

Na ce wa su Zinariya kaciya aka kira ni a ƙauye. Motar gyaɗa na hau, a saman buhuna.

An ce ɗakin shan magani na nan yana neman mai wanke miki. Na ce wannan ai aikinmu ne, na iya tsayar da jini tun kafin in iya wanka. Kuma in aka ji a Kurfi hukuma ta yarda da hannuna, halan Alhaji ma zai yarda. Malamin wurin mutum ne mai fara'a. Ya ɗauko kwalba ya ce in karanta abin da ke jikinta. Rubutun boko ne, kamar tururuwa ta faɗa tawada. Da na yi shiru da ya fi. Amma na riƙe ta da nisa na ce, “An rubuta, a sha da bismillah, in an kwana an ga safiya.”

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya kira abokin aikinshi ya ce in maimaita. Na maimaita. Sannan ya ce, “Kai, Allah ya yi maka baki. Amma sai wanda ya yi elementare.”

A bakin tasha na gamu da wani Lawal, heluman masu aikin hanya, shi ke ɗaukar lebura. Ya matsa damtsena ya ce in ina so in zo ko yaushe, amma a daji ake kwana, gida sai wata-wata. Na ce ina da tsoho a kwance. Ya ce, “Kowa da tsohonshi.”

A zauren wani mai ɗinki zan kwana.

Kurfi. Talata da azahar

Ina sauka daga mota na ji guɗa daga gidan Alhaji. Namiji. Suna Talata mai zuwa.

Alhamis da hantsi

Tsoho ya ji guɗar shi ma. Tun shekaranjiya ba shi da zance sai wannan, in za a kira shi zance.

Yau ya sa Zinariya ta jingina shi da bango, ta kawo ƙaramar ƙwarya ta kife a cinyata. Ya kama yatsuna da hannun hagu, wanda ke motsi, ya ɗora su a tsakiyar ƙwaryar. Ya yi wani sauti. Zinariya ta ce, “Wai maɗiga. Kada ka danna, kewaye za ka yi.” Na sani. Sau nawa na riƙe mashi ruwa yana yi. Amma na bar shi ya nuna mani, ya sake nunawa, gumi yana tsattsafo mashi kamar wanda ya yi noma.

Na ce, “Tsoho, in na gama da ƙwaryar nan sai a raɗa mata suna. Ilu za mu sa mata, kai ɗaya kuke da ita.”

Ya ɗaga hannu zai make ni, hannun ya tsaya a hanya. Sai na kai kaina wurin hannun.

Gashinshi ya taru, gemu duk ya hargitse. Bai taɓa kwana bakwai ba gyara ba.

Asabar da la'asar

Ba a aiko ba. Dako.

Lahadi da la'asar

Ba a aiko ba. Na bi ta ƙofar gidan sau da yawa, har yaran gidan suka fara tambayata ko na yar da wani abu ne.

Litinin, kafin magariba

Keken Rabo a jingine a ƙofar gidan Alhaji. Rabo wanzamin Birchi. Na san keken, akwai jan ƙyalle a hannunshi.

Na gyara bakin asake duka a gaban Tsoho, ɗaya bayan ɗaya, yana kallo yana gyaɗa kai.

Talata da yamma

Tun asuba Zinariya ta fito da farar rigar Tsoho ta ce ya ce in sa. Ta yi mani yawa. Na rataya zabira, na leƙa na ce, “Ango ya fita, a yi mashi guɗa.” Ya yi wannan sauti nashi, mai tsawo. Ban tsaya jin fassara ba.

Bayan gari na tafi, gindin tsamiya, wajen da ake ɗaure jakuna. Daga nan ana jin kalangu da muryar maroƙa. Na zauna har rana ta take. Wani jaki ya yi ta kallona. Na ce mashi in yana son aski ya yi magana, yau kyauta ne.

A gidan Alhaji, tun zamanin ubanshi, ƙafar gaba ta dama ta ragon suna ta wanzami ce. Kullum Tsoho da kanshi yake shigowa da ita yana taƙama. Na san ita idonshi zai nema. Sai na bi ta wurin mahauta, abin da na tara na dako na zube shi duka, na ce ƙafar gaba, ta dama, kada a sassara.

Zinariya ta karɓa a bakin murhu. Ta dubi naman, ta dube ni. Ta ce a hankali, “Yau? Ɗanye?”

Sai a lokacin na tuna. Ragon suna a bakin wuta yake kwana, sai gari ya waye ake rabo. Ko yaro ya san wannan. Ni da na tashi a gidan wanzamai.

Na ɗaga murya don a ji a ɗaki, na ce, “Alhaji ya ce a cire tamu tun yau saboda mara lafiya ya sha romo.”

Ta kai mashi. Ya shafa ƙafar da hannun hagu, ya daɗe yana shafawa. Na ba shi labarin jaririn, yadda ya yi mani fitsari a riga, yadda Alhaji ya ce hannun Ilu ne sak. Ƙirjin bai girgiza ba sosai. Gajiya ce halan.

Laraba da azahar

Da hantsi aka yi sallama. Kafin in sa takalmi Zinariya ta riga ta ce a shigo, ta zaci mai duba jiki ne.

Rabo ne, da akushi a hannu. Ya cire takalmi tun daga tsakar gida, ya durƙusa a bakin ƙofar Tsoho. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Ya ce, “Baba, ga rabonka na gidan Alhaji. Ni aron hannu aka yi da ni jiya, amma kana raye ba zan ci ƙafar nan ba.” Ya buɗe. Ta sha wuta, sai ƙamshi.

Tawa kuma tana rataye a bakin rumfa, Zinariya ta yanki kaɗan ta yi romo. Daga inda Tsoho yake kwance ana hango ta. Rago ɗaya, ƙafar dama biyu.

Da wani aka yi wa haka, da na ci shekara ina ba da labari.

Rabo ya bi idon Tsoho ya ga abin da yake kallo, sai ya sunkuyar da kai ya kama gyaran murfin akushi. Tsoho bai dube ni ba. Ya yi sauti. Zinariya ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake yi da ƙarfi, ya kai hannun hagu ya ja gemunshi, ya nuna Rabo.

Ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, “Wai ka gyara mashi.”

Rabo ya ce, “Baba, ai ga Ɗanjuma.”

Tsoho ya sake nuna shi.

Ni na ɗebo ruwan. Ni na riƙe ƙwaryar. Ni na tallafe kan, don ba ya tsayuwa da kanshi. Rabo bai zo da kayanshi ba, sai da aka buɗe zabirarmu. Ya gwada aska a farce ya ce, “Kai, wa ya gyara wannan? Madalla.”

Da zai tafi ya ja ni waje ya ce in ina so in riƙa bin shi ina riƙe mashi ruwa, sannu a hankali mutane za su manta. Na ce na gode. Ya ce da gaske yake. Na ce ni ma.

Alhamis da la'asar

Zabira ta koma inda take rataye. Ban shiga ɗakin ba.

Juma'a da hantsi

Zinariya ta same ni bayan ɗaki. Ta ce, “Kai kana ganin ƙi ne? Tun ranar farko ya sani. Yana jin wari, ba hancin ne ya mutu ba. So yake ka daina wahalar da kanka kana yi mashi wasan yara.”

Na ce, “Shi ya faɗa, ko ke kika ƙaga?”

Ta ce, “Mijina, kada ka yi mani haka.”

Na ce gobe akwai motar Dutsin-Ma. Audi zai riƙa kawo masu ruwa da itace, hatsi kuma zan aiko. Ta ce to. Ta tsaya kamar akwai saura, sai ta koma wurin tukunya.

Asabar, a tasha, rana ta ɗaga

Na shiga sallama. Na cire takalmi a waje. Na durƙusa har ƙasa na ce, “Kaka, ina kwana. Ya ƙarfin jiki? Zan tafi neman aiki, a sa mani albarka.”

Tunda aka haife ni ban taɓa ce mashi Kaka ba. Ban taɓa durƙusa mashi ba.

Ya yi ta kallona yana jira. Na san abin da yake jira. Bakin nan ya motsa, ya motsa, a wannan karon ba sai an fassara mani ba, da kunnena na ji. Ya ce, “Ɗan banza.” Ya zuba mani ido, gefen fuskar mai rai har ya fara shirin dariya.

Na ce, “Na gode, Kaka. Allah ya ƙara sauƙi.”

Sai ya juya fuska bango. Da ƙyar ya juya, da hannu ɗaya.

Zinariya ta biyo ni har zaure tana cewa, “Me ya yi maka da zafi haka? Da ka zage shi mana. Koma ka ce mashi wani abu, ko kaɗan ne.” Na ce mota za ta tashi. Ga shi har yanzu ba ta tashi ba, direba ma bai zo ba.

Bayan Dutsin-Ma, sansanin lebura. Litinin, hutun azahar

An ba ni diga. Lawal ya ce wa mutanenshi an kawo masu mai ban dariya, ya ji labarina a wurin malamin ɗakin magani. Suka kewaye ni suna jira. Na ce sunana Ɗanjuma, daga Kurfi. Suka ƙara jira, sannan kowa ya koma kan aikinshi.

Rabo ya bar wa Tsoho gashi a bayan kunnen hagu, ɗan tsiro kamar na ɗan akuya. Na gan shi lokacin da nake durƙushe. Maganar ta zo mani har kan harshe, mai kyau ce, da ƙirjin nan ya girgiza har sai an ba shi ruwa.

Na haɗiye ta.